Likita ya ba Baba ƙwaya maimakon ƙarin ruwa: sallamarmu aka yi?

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 61. Ya fi shekara guda yana ganin jini a bayan gida, muna ta ba shi maganin basir, sai da ya rame sannan muka kai shi babban asibiti a Kano. An leƙa hanjinsa da na'ura, an ɗauki hoto, aka ce ciwon daji ne na babban hanji kuma ya taɓa hanta. Daga Nguru muke zuwa. Likita ya ce hanya biyu ce: ko a dasa masa wani abu a ƙirji a riƙa ɗaura masa magani na kwana biyu duk bayan mako biyu, ko a yi masa ƙarin ruwa na 'yan awoyi duk bayan mako uku, sauran ya sha ƙwaya a gida. Ya ce shi ya fi karkata ga ta biyun. Baffana, wan Baba, ya ce ƙwaya ai sallama ce, sun ga ba zai tashi ba ne, don da da gaske suke da allura za su yi masa. Yayana da ke aiki a waje kuma ya ce ya karanta ana zuba magani kai tsaye cikin hanta, ko a wanke ciki da magani mai zafi, don haka a sayar da gona a fita da shi. Ni ce mai jinya, kuma kaina ya ɗaure. Wace hanya ce ta fi ƙarfi?

'Yarsa ta biyu, daga Nguru

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ya mai jiki? Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan jinya.

Ba a sallame ku ba. Zan fara da wannan don ki samu ki yi barci yau. Ƙwayar da likita ya ambata maganin daji ce cikakkiya, kuma abin da ke cikin wancan ruwan na kwana biyu shi ne dai abin da ƙwayar ke rikiɗewa ta zama bayan ta shiga jiki. Maganar shekarar da aka yi ana ba shi maganin basir kuwa, kada ki ɗora wa kanki. Gidaje da yawa haka suke fara wannan tafiya, domin jinin iri ɗaya yake a ido.

Baffa ba shirme ya faɗa ba, kuma ina so ki fahimci inda maganarsa ta samo asali kafin ki tunkare shi. Ya ga zazzaɓin cizon sauro ya kayar da yaro, ƙwaya ta gagara, aka yi allura yaron ya buɗe ido. A wannan ciwon gaskiyarsa ne, idan ya tsananta ta jijiya ake bi. Shi ya sa a wajenmu wanda ya je asibiti ya dawo ba a huda shi ba gani yake ba a duba shi ba. Sai dai wannan maganin halinsa daban ne, kuma tarihinsa ma ya nuna haka.

Sunansa 5-FU. Wani masani mai suna Charles Heidelberger ne ya haɗa shi a Amurka a 1957, kuma har yau shi ne ginshiƙin maganin dajin hanji a duniya. Yana da wata ɗabi'a: ba ya daɗewa a jini. Cikin minti goma zuwa ashirin jiki ya rushe rabinsa. Ga shi kuma ba ya kama ƙwayar halittar daji sai a lokacin da take shirin rabuwa gida biyu, su kuwa ba tare suke rabuwa ba, wannan yanzu, waccan da daddare, wata sai jibi. Kamar mai gadin gona ne a lokacin da tsuntsaye ke sauka kan gero. Wanda ya zo ya yi ihu sau ɗaya ya tafi, waɗanda ya tarar kaɗai ya kora. Wanda ya yini a kan rumfa shi ne ya tsare gonar. Shekaru da dama allura ta lokaci guda ake yi, irin wadda Baffa ya yarda da ita. A 1998 aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje shida na marasa lafiya sama da 1,200, aka ga waɗanda aka ɗiga musu maganin a hankali na tsawon lokaci, ƙullutun dajin ya motse a kashi 22 cikin 100, waɗanda aka tura musu shi lokaci guda kuwa kashi 14 ne, kuma jininsu ya fi faɗuwa. Ashe ƙarfin wannan magani ba a kaifin allura yake ba, a daɗewarsa cikin jini yake.

Daga nan hanyoyi biyun da likita ya ba ku suka fito. Ta farko, wadda za ki ga an rubuta FOLFOX a katinsa, ita ce a ɗiga maganin na awa 46. Jijiyar hannu ba ta dace da wannan ba idan mutum zai tafi gida, don haka ake ƙaramar tiyata a binne wata 'yar na'ura mai girman murfin kwalba a ƙarƙashin fatar ƙirji, da siririn bututu da ya zarce babbar jijiya. A nan ake soka allura a haɗa da famfo. Famfon kamar bulunbotin jariri yake, a cikinsa akwai balan-balan cike da magani, yana motsewa a hankali har ya zama kamar tsinke. Mutum ya sa shi a jaka a ƙugu, ya kwana da shi, ya yi sallah da shi. Hanya ce mai kyau ƙwarai. Amma ranar da ya ƙare dole a samu ma'aikaciyar jinya da ta iya cire shi ta wanke na'urar, kuma na'urar kanta tana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta ko jini ya daskare a bakinta. Inda babu famfon, kwantar da mutum ake yi kwana biyu. Ga wanda ke zaune cikin Kano wannan abu ne mai yiwuwa. Ga wanda zai taso daga Nguru, kwana uku ne a garin mutane duk mako biyu, da kuɗin mota da na masauki da na abinci, da jijjigar hanya ga dattijon da ya riga ya rame.

Ta biyun, CAPOX, ta maye gurbin famfon da ƙwaya. Sunanta kafesitabin, an fi saninta da sunan kasuwa Xeloda, ko da yake yanzu kamfanoni da yawa na yin ta. A yadda aka haɗiye ta ba ta fara aiki ba tukuna. Hanji ne zai tsotse ta, hanta ta sauya ta, sannan a mataki na ƙarshe wani sinadari da ya fi yawa a cikin ƙullutun dajin kansa ya mayar da ita 5-FU. Da yake safe da yamma ake sha har kwana 14, sai ya zama maganin na nan a jini kusan kullum, irin aikin da famfon ke yi. An gwada ta da tsohuwar allurar lokaci guda a gwaje-gwaje biyu na mutum 1,200 da ɗoriya da suka fito a 2001, da aka haɗa sakamakonsu aka ga: ƙullutu ya motse a kusan kashi 26 cikin 100 na masu shan ƙwaya, na masu allura kusan 17, tsawon rayuwa kuma ɗaya. Bayan haka aka gwada CAPOX da FOLFOX gaba da gaba a kan mutum sama da 2,000 masu irin ciwon Baba da ya bazu, aka buga a 2008, aka ga ba wadda ta bar wata a baya wajen riƙe ciwon. Bambancinsu a wahala yake. Famfo ya fi kayar da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, ƙwaya ta fi kawo gudawa da ciwon tafin hannu da ƙafa. Ki kuma yi lissafi: a wata shida, hanyar famfo zuwa goma sha biyu ce, ta ƙwaya takwas. Ina kyautata zaton likitan ya duba adireshinku kafin ya yi magana, kuma wannan alamar likita ne mai tunanin gidan da mara lafiya zai koma.

Duk da haka ba kowa ƙwaya ta dace da shi ba, kuma a nan nake so ki buɗe baki ki yi tambaya. Ta hanji take bi, shi kuwa hanjin ne ke ciwo. Idan Baba yana yawan amai, ko cikinsa na kumbura bayan gida na gagara, alamar hanjin na neman toshewa, ko yana fama da gudawa tun yanzu, to abin da ya haɗiye ba lallai ya isa jini yadda ake so ba, jijiya ta fi. Sannan ƙoda ce ke fitar da ita daga jiki. Idan ƙodarsa ta yi matsakaicin rauni rage adadin ake yi, idan ta yi rauni sosai ba a ba da ita sam. Ki tambayi likita kai tsaye: yaya gwajin ƙodarsa? Ki kwashe duk abin da yake sha a leda ki kai, har da jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa. Maganin tsinka jini mai suna wafarin idan ya haɗu da wannan ƙwaya yana iya jawo zubar jini mai haɗari. Wani abin da mutane ba sa kawowa a rai shi ne maganin ƙarin jini na kemis: da yawansu na ɗauke da sinadarin folik asid, wanda ke ƙara wa wannan magani dafi. Za ki ga an kawo masa kwalabe don ƙauna, ganin ya yi fari. Ki karɓa ki gode, ki ajiye sai likita ya gani.

Gaskiyar da ta fi nauyi a wannan zaɓi ita ce ƙwaya tana ɗauke aikin ma'aikaciyar jinya daga asibiti ta ɗora shi a kanki. A asibiti idan an ga abu ya canza rufe ruwan ake yi. A gida ke ce mai gani, ke ce mai rufewa. Ki sayi littafi na musamman. Likita zai ƙirga adadin bisa tsayin Baba da nauyinsa, sau da yawa yakan kama uku ko huɗu da safe, haka da yamma. A sha da ruwa cikin rabin awa bayan cin abinci, a haɗiye gaba ɗaya, ba a tauna ba a daka. Kowane sha ki yi alama. In an manta, an manta, kada a ninka na gaba. In ya amayar, kada a sake ba shi. Bayan kwana 14 a huta kwana 7 cif, ko da yana jin garau, domin a wannan makon ne hanji da ɓargo ke farfaɗowa. Ki ajiye ta inda yara ba sa kaiwa, mai juna biyu kuma kada ta taɓa ta.

Abin da na fi gani yana cutar da iyayenmu maza shi ne dauriya. Dattijo zai yi ta zaryar bayan gida dare da rana ya yi shiru, don kunyar 'yarsa, ko don tsoron kada a ce a dakatar da maganin da aka sayo da kuɗin gona. Ki yi masa bayani tun kafin a fara, in kuma kunya za ta hana, ki sa Inna ko wani ƙaninki namiji ya riƙa tambaya kullum. Idan ya zaga sau huɗu fiye da yadda ya saba a yini, ko gudawa ta tashe shi cikin dare, a tsayar da ƙwayar nan take, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kira asibiti. Haka idan bakinsa ya fashe har ci ya gagara, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko zafin jikinsa ya kai 38. Ki sayi ma'aunin zafi, kada ki dogara da bayan hannu, kuma kada a ce ai maleriya ce a bari sai gobe, zazzaɓi a jikin mai shan wannan magani maganar asibiti ce a daren. Tsayar da ƙwaya na kwanaki ko rage ta ba ya ɓata aikin maganin. Abin da ke kashewa shi ne ci gaba da sha a kan gudawa, cikin zafin Nguru, har ruwan jiki ya ƙafe ƙoda ta tsaya. Akwai kuma mutane ƙalilan da aka haifa jikinsu ba ya iya rushe 5-FU, ta baki ko ta jijiya. A Turai tun 2020 aka ba da shawarar a gwada jini kafin a fara. Ki tambaya ko ana yi a inda kuke. Ko an yi ko ba a yi ba, idan wahala mai tsanani ta taso a kwanakin farko na zagayen farko, kada a jira komai. Kafin ku bar asibiti ki tabbata lambar da za ki kira da tsakar dare tana wayarki.

Ki riƙa duba tafin hannunsa da na ƙafarsa da idonki. Takardar cikin kwali za ta ce wurin zai yi ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa haka. Abin da za ki gani shi ne tafin ya yi duhu kamar an shafa toka, layukan hannun sun yi baƙi, fata ta yi kauri tana sheƙi, daga baya ta fara tsagewa a gaɓoɓin yatsu. Shi kuma zai ce yana jin kamar ya taka rairayi da rana. A fara shafa mai tun ranar farko, man kaɗanya ko wanda likita ya rubuta, a bar tafiya ba takalmi, a bar riƙe fartanya. Idan ya kai ga carbi ko maɓallin riga na yi masa zafi, lokacin kira ya yi. Wasu har zanen yatsunsu kan shafe na wani lokaci, na'urar banki ta ƙi karɓa. In yana karɓar fansho ko yana da hulɗa da banki, ku nemi takarda daga likita tun da wuri.

Ki gaya wa Baffa cewa ko a wannan hanyar ma akwai ƙarin ruwan da yake so. Duk ranar farko ta zagaye za a ɗaura wa Baba wani maganin daji mai suna okzalifilatin na kamar awa biyu, wanda ke cikin hanyoyin biyu duka. Shi abokin gabarsa sanyi ne. Kwanaki kaɗan bayan an sa, ruwan randa ko ƙarfen ƙofa da asuba zai ja shi a yatsu kamar lantarki, in ya kurɓi ruwan sanyi ya ji maƙogwaro ya shaƙe. Abin na firgitarwa amma yana wucewa. Ki ɗumama masa ruwan alwala da na sha, musamman da hunturu, ki sa masa safa. Wanda ba ya saurin wucewa shi ne dindiris ɗin yatsu da ke taruwa bayan watanni. In ya fara zama daga zagaye zuwa zagaye ki faɗa, don likita ya rage ko ya cire shi a ci gaba da ƙwayar kaɗai.

Abin da yayanki ya karanta gaskiya ne akwai shi. Hanta tana shan jini ta hanya biyu, lafiyayyen namanta ya fi dogara da jijiyar da ta taso daga hanji, ƙullutun daji kuwa ya fi sha daga wadda ta taso daga zuciya. Shi ya sa ake dasa famfo a ciki ana tura wani ɗan'uwan 5-FU mai suna FUDR ta wannan jijiya, hanta ta tsotse fiye da kashi 90 cikin 100 kafin ya zaga jiki. Asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York ya yi suna a kai, a hannun Dakta Nancy Kemeny. Wani gwaji na Amurka a 2006 ya nuna ƙarin rayuwa, wata 24 a kan wata 20 na waɗanda aka ba magani ta hanyar da aka saba. Wani da aka jagoranta daga Birtaniya, wanda ya fito a 2003, bai ga wata riba ba, kuma bututun ya ba da matsala a jikin mutane da yawa. Sai ciwon ya tsaya a hanta kaɗai ake yin sa, yana iya lalata hanyoyin maɗaciya, kuma famfon na buƙatar a cika shi duk mako biyu a hannun waɗanda suka ƙware. Ba abin da za a dasa a waje a dawo da shi Nguru ba ne. Wankin ciki da magani mai zafi kuwa na wanda dajin ya bazu a rufin cikinsa ne, ba hanta ba. Ko a can ɗin, gwajin da Faransa ta yi da mutum 265 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai da waɗanda aka ƙara musu wankin duk kusan wata 41 suka samu. Tiyatar ce ta yi aikin. Kada a sayar da gona saboda waɗannan biyun.

In yayanki na son kuɗinsa ya yi amfani, ga inda zai sa su. Na farko, a tambayi likita a fili: manufar maganin a riƙe ciwon ne, ko akwai fatan idan ƙullutun hantar suka motse a yanke su? Ga yawancin masu ciwon da ya bazu, riƙewa ce da ƙarin lokaci cikin sauƙi, amma akwai waɗanda tiyatar hanta ke raba su da shi gaba ɗaya, don haka ya dace likitan tiyata ya ga hoton tun yanzu da kuma bayan wata biyu ko uku. Na biyu, gwajin naman da aka ciro, wanda ake kira RAS da MSI, shi ke nuna ko akwai ƙarin magani da zai dace da irin dajinsa. Yawancin waɗancan magungunan ta allura ake ba da su, domin ciki narkar da su zai yi kamar nama, ba don sun fi daraja ba. Na uku, a sayi ƙwayar a kantin maganin asibiti, kada a bi araha a kasuwa, NAFDAC ta sha gargaɗi kan jabun magungunan daji. Ki kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya game da shirin rage farashin maganin daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2019 a wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Kano da Zariya.

Idan ciwo ya matsa masa aka ba shi ruwan mofin, mai kashe zafin ciwo, ya sha, Baffa zai iya sake cewa a yi allura. A nan ma ta baki ce hanyar farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa, a kan lokaci ba sai ciwon ya taso ba, tare da maganin sassauta bayan gida. In azumi ya riske shi yana cikin kwanakin sha, Allah ya riga ya yi masa rangwame a aya ta 185 ta Suratul Baƙara, ki nemi malamin da yake girmamawa ya faɗa masa da bakinsa. Ku kuma 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini ku gaya wa likita, domin ana so a fara leƙa hanjin makusanta tun daga shekara 40, kuma duk wanda ya ga jini a cikinku kada ya tsaya kan maganin basir.

Game da Baffa, kada ki yi jayayya da shi a gaban mutane, ƙaninsa ne ke kwance kuma tsoro ne ke magana. Ki same shi shi kaɗai bayan la'asar, ki ce, "Baffa, ni yarinya ce, ina so ka raka mu ranar Litinin ka ji da kunnenka, ka yi wa likita tambayar da ni ba zan iya ba." Gani ya kori ji. In ya ga an ɗaura wa Baba ruwan, ya ji likita ya ƙirga ƙwayoyin a gabansa, ki miƙa masa wani aiki, ko da tsare 'yan dubiya ne daga kawo jiƙo. Shi kuma Baba a tambaye shi wacce hanya ya fi so, domin a wasiƙarki na ji ra'ayin kowa ban ji nasa ba. Ki rubuto mini bayan zagayen farko in ji yadda tafin hannunsa da cikinsa suke. Allah ya tashi kafaɗunsa.